Bishiya Biyu a Gindi Ɗaya: Yadda Ake Dawo da Surar Bishiyar Ado Bayan Ɓarnar Sanyi

A watan Fabrairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta binne titunan Hirosaki da ke arewacin Japan, ma'aikatan babban lambun birnin kan fito da tsani da zarto su hau bishiyoyin ceri suna sarar rassa. Bishiyoyin sun kai kimanin 2,600, sun kewaye tsohuwar fadar sarakunan yankin, kuma furen da suke yi a ƙarshen Afrilu kan jawo baƙi wajen miliyan biyu. A sauran sassan Japan an daɗe ana gudun wannan aiki. Suna ma da karin magana da ke kiran mai saran ceri wawa, saboda bishiya ce da ba ta son rauni: inda aka yanke ta, nan ruɓa ke shiga. Duk da haka a Hirosaki ake samun ceri da aka dasa tun 1882 tana nan tana fure, alhali irinta, wanda ake kira Somei Yoshino, an fi saninsa da fara gajiya idan ya kai shekara 60.

Ilimin da ke bayan wannan sara shi ne abin da duk mai bishiyar ado a ƙasashen ƙanƙara ke buƙata idan hunturu ya wuce ya bar masa ɓarna: reshe karyayye, gefe guda busasshe, ɓawo tsagagge. Hannu kan yi ƙaiƙayi a ɗauki almakashi a daidaita ta nan take. Sai dai yawancin waɗannan bishiyoyi ba guda ba ne. Biyu ne aka haɗa a gindi ɗaya, kuma wanda bai san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba yana iya sare wadda ya saya da tsada, ya zauna yana renon wadda ba ita ya so ba.

Me ya sa ake yi musu aure

Manomin da ya taɓa dasa mangwaro mai aure a Zariya ko Maradi ya riga ya san tushen maganar. Ana yanko reshen bishiyar da ake so, a manna shi a jikin wata mai ƙarfin saiwa, a ɗaure har naman biyun ya haɗe. Gindin ya ba da ruwa da ƙarfi, kan ya ba da abin da ake nema. Manomi 'ya'ya yake nema. Mai lambun ado kuwa fure yake nema, ko jan ganye, ko rassa masu zubowa ƙasa.

Dalilin auren ɗaya ne a ko'ina: idan aka shuka ƙwallon irin waɗannan bishiyoyi, abin da zai fito ba zai yi kama da uwarsa ba. Somei Yoshino ya fito ne daga hannun masu lambun ƙauyen Somei, kusa da birnin da yanzu ake kira Tokyo, wajen tsakiyar ƙarni na 19. Duk wanda ke duniya a yau reshen wannan asali ne da aka yi ta aurarwa, shi ya sa bishiyoyin gari guda kan buɗe fure kusan rana ɗaya. Haka labarin wata bishiyar elm mai rarrafe da wani mai kula da daji, David Taylor, ya tsinta a gandun Camperdown kusa da Dundee a ƙasar Sikotlan, tsakanin 1835 da 1840. Duk 'ya'yanta da ke lambunan Turai da Amurka ta hanyar aure aka same su, har da wadda ke lambun Prospect a Brooklyn tun 1872.

Irin masu zubo da rassa suna da tasu matsalar. Idan aka bar su a kan saiwarsu, da yawa ƙasa za su bi suna jan ciki. Don haka, ga ceri mai zubowa, masu renon dashe kan reni miƙaƙƙen gindi na ceri ɗin daji har ya kai mita ɗaya da rabi ko kusan biyu, su datse kansa, su aura masa mai zubowar a can sama. Abin da ke fitowa shi ne siffar lema. Wasu kuma, irin mapul ɗin Japan mai jan ganye, a ƙasa ake yi musu auren, 'yan santimita sama da turɓaya. A kowane hali akwai mahaɗa: wani kumburi ko ƙulli a jikin gindin, inda sau da yawa launin ɓawo ko kaurinsa ke sauyawa. Ita ce wurin da ya fi rauni. Idan tana sama, ba ƙasa a kanta, ba dusar ƙanƙarar da za ta lulluɓe ta, iska na dukanta kai tsaye, kuma dukan nauyin rassan a kanta yake rataye.

Ɓarnar ba iri ɗaya ba ce

Sanyi yana cutar da bishiya ta hanyoyi dabam-dabam, kuma kowace da nata magani. Akwai daskarewa: ƙanƙara ta taru a tsakanin ƙwayoyin naman itacen ta janye musu ruwa, idan abin ya yi tsanani su fashe su mutu. Bishiyar da ta shiga hunturu a hankali takan jure sanyi mai yawa. Wadda sanyi ya auka wa ba shiri ita ke shan wuya. Haka aka gani a jihar Teksas ta Amurka a Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya kai digiri 19 ƙasa da sifili a yankin Dallas. A kudancin jihar bishiyoyin lemo masu aure da dama sun mutu daga sama, gindinsu kuwa ya rayu ya sake toho, masu su suka wayi gari da bishiya mai ƙaya wadda lemonta ba ya shayuwa.

Akwai ƙunar rana a cikin sanyi. Da yamma rana kan ɗumama ɓawon gefen kudu maso yamma har naman ya farka, dare ya yi sanyi ya faɗo masa, ɓawon ya mutu ko ya tsage daga sama zuwa ƙasa. Bishiyoyi masu siririn ɓawo, irin ceri da mapul, su suka fi fama da wannan. Akwai kuma nauyi. A Janairun 1998 ruwan sama mai daskarewa ya kwana biyar yana zuba a Kebek da gabashin Ontariyo na ƙasar Kanada, ƙanƙarar da ta manne wa rassa ta kusa santimita 10 a wasu wurare, miliyoyin bishiyoyi suka kakkarye. Sannan ga zomaye da ɓerayen daji, waɗanda yunwa kan sa su gwagwiyi ɓawon gindi a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Idan suka zagaye gindin kaf, abinci ya daina sauka zuwa saiwa.

Wata ɓarnar kuma ido kawai take tsoratarwa. A tsakiyar Maris na 2017 sanyi ya kashe kusan rabin furen ceri na birnin Washinton, a lambun da aka kafa da bishiyoyi 3,020 da birnin Tokyo ya ba da kyauta a 1912. Fure ya ƙone ya yi baƙi, amma rassan lafiyarsu ƙalau, shekara ta zagayo suka sake yi. Wanda ya ga baƙin fure ya ɗauko zarto ya yi wa kansa asara.

Aikin farko shi ne jira

Masana bishiyoyi sun yi ittifaƙi a kan abu guda: a ƙarshen hunturu ba wanda zai iya nuna iyakar mutuwa da ido. Reshen da ya yi kama da matacce yana iya toho a makare. Wani kuma ya fitar da ganye da ɗan abincin da ya rage a jikinsa, zafi ya zo ya yanƙwane. Bayan sanyin 2021 hukumar gandun daji ta Teksas ta yi ta roƙon jama'a su ba bishiyoyinsu lokaci, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka fid da rai da su sun yi ganye bayan watanni.

Abin da ba ya jira shi ne reshen da ya karye yana lilo, domin iska za ta ci gaba da jansa yana yage ɓawo, yana kuma iya faɗo wa mutum. Wannan a cire shi nan take, a gyara bakin ɓawon da ya yage da wuƙa mai kaifi. Sauran a bari sai idanun rassa sun buɗe, ganye ya fito sosai.

Idan lokacin ya yi, gwajin ba wuya. A kankare ɓawon reshen kaɗan da farce ko bakin wuƙa. Idan abin da ke ƙarƙashi kore ne mai laima, da ransa. Idan ruwan ƙasa ne busasshe, ya mutu. A fara daga ƙarshen reshen a yi ta gangarowa har a iske kore. Mai rai yana lanƙwasuwa, matacce kuwa ƙaras yake karyewa. Kafin a yanke komai, a tsaya a nemo mahaɗa, a tantance abin da ke samanta da abin da ke ƙasanta.

Tohon da ke yaudara

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Idan kan bishiya ya raunana, saiwar da ke ƙasa tana nan da ƙarfinta, kuma dole ƙarfin ya sami mafita. Sai idanun da suka daɗe suna barci a jikin gindin su farka, toho ya ɓullo daga ƙasan mahaɗa ko daga saiwa, miƙaƙƙe, mai saurin girma, mai faɗin ganye. Mai lambu ya gani ya yi murna, ya ce bishiyarsa ta farfaɗo. Alhali gindin ne ke neman ƙwace mulki. Idan aka ƙyale shi shekara biyu ko uku, zai zarce kan a tsawo, ya yi masa inuwa, ya janye ruwa da abinci, a wayi gari ceri mai zubowa da ruwan hodar fure ta koma doguwar ceri ɗin daji mai farin fure, ko mapul mai jan ganye ta koma koriya.

Hukuncin a nan ba sassauci: duk abin da ya fito daga ƙasan mahaɗa a cire shi, kuma tun yana ƙarami. Idan yana da taushi, fizge shi da hannu ya fi yanka, domin fizgar kan taho da idanun da ke gindinsa. Idan ya yi ƙwari, a yanke shi daf da inda ya fito. Na saiwa kuwa a tone ƙasa a bi shi har tushe, don idan aka datse shi a saman turɓaya, guda ɗaya kan dawo uku. Aiki ne na duk shekara, ba na rana ɗaya ba.

Amma ba kowane miƙaƙƙen toho ba ne abokin gaba. Wanda ya fito daga saman mahaɗa, ganyensa iri ɗaya da na sauran rassan, na kan ne. A ceri mai zubowa irin wannan kan tashi sama tukuna, daga baya nauyinsa ya sunkuyar da shi, kuma da shi bishiyar ke ƙara tsawo da cika. A bishiyar da sanyi ya cinye mata gefe, irin wannan toho shi ne jarin da za a sake gina ta da shi.

Inda zarto zai sauka

Yawancin abin da aka sani yau game da yankan reshe ya samo asali ne daga aikin Alex Shigo, masanin cututtukan itatuwa na hukumar gandun daji ta Amurka, wanda ya tsaga dubban bishiyoyi a tsaye don ya ga yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu. Ya nuna cewa bishiya ba ta warkar da naman da ya lalace. Katange shi take yi, ta gina sabon nama ta rufe. Kuma makaman wannan katangewa suna cikin ɗan kumburin da ke wuyan reshe, inda ya haɗu da uwarsa. Wanda ya yanke reshe ya shafe shi daidai da jikin gindi ya cire wannan wuya, ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Wanda kuma ya bar dogon kututture ya bar abin da ba zai rufu ba. Wurin yanka shi ne daf da wajen wuyan.

Reshe mai nauyi sau uku ake sararsa. Na farko daga ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga wuyan, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farkon, har reshen ya faɗi ba tare da ya yage ɓawo ba. Na uku a cire guntun da ya rage a bakin wuya. Ƙananan rassan da suka mutu rabi kuwa a rage su zuwa ido mai rai, a yanka kaɗan a samansa a karkace don kada ruwa ya kwanta. Kaifin kayan aiki wajibi ne, kuma idan akwai alamar cuta, irin ƙaron da ceri ke tsatsowa daga miki, a goge bakin almakashi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a koma wani reshen.

Matacce ba shi da iyaka, a cire shi duka. Mai rai ne ke da ƙa'ida: kada a ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda, kuma ga bishiyar da ta sha wuya gara a tsaya ƙasa da haka nesa. Ganye shi ke dafa mata abinci. Wanda ya ga gefe ɗaya ya mutu ya aske ɗaya gefen don su zo daidai, ya ƙara wa mai jinya yunwa ke nan.

Sake gina sura

Bayan an cire matattu da karyayyu da masu gogar juna, abin da ya rage ba zai yi kyan gani ba, kuma dole a haƙura da haka. A shekarar farko burin shi ne bishiyar ta rayu ta yi toho. A ta biyu a zaɓi biyu ko uku daga cikin sabbin tohon saman mahaɗa, waɗanda suka fuskanci gefen da ya zama wayam. Tun yana ɗanye ake tanƙwara icce: a kafa sandar gora, a ɗaure tohon da tsumma mai laushi, a kai shi inda ake so, a riƙa sassauta ɗaurin don kada ya shige cikin ɓawo. Idan ana son ƙarin tsawo a ɗaga shi sama tukuna, a bar ƙarshensa ya sunkuyo da kansa. Daga shekara ta uku ake fara rage gefen da ya cika, kaɗan-kaɗan, har biyun su haɗu a tsakiya.

Idon da aka yanka a samansa shi ke nuna wa sabon reshe hanya. A bishiya mai zubowa ana zaɓar idon da ke kallon sama da waje, don reshen ya yi baka ya faɗaɗa lemar. Idan aka zaɓi na ciki, rassan za su cunkushe a jikin gindi, haske ya kasa shiga, na cikin su bushe. Rassan da suka taɓa ƙasa a rage su, amma kowanne da nasa tsawon. Wanda ya bi su da almakashi a layi ɗaya zai sami bishiya kamar yaron da aka kifa wa ƙwarya aka yi masa aski. A riƙa ja da baya ana zagaya ta bayan kowane yanka biyu ko uku, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Inda masana suka rabu

A kan lokacin yanka babu magana ɗaya. A Ingila, inda hunturu ke da laima, ƙungiyar masu lambu ta masarautar tana ba da shawarar a yanki ceri da danginta a tsakiyar lokacin zafi, saboda wata cuta da ke mayar da ganye ruwan azurfa, wadda ƙwayoyinta ke yawo a iska a watannin sanyi su shiga ta sabon rauni. A Hirosaki kuwa a ƙarshen hunturu ake yi. Jihar Aomori, inda Hirosaki take, ita ce gidan tuffa a Japan, kuma wajen 1960 ma'aikatan lambun suka ɗauko dabarar manoman tuffa suka gwada ta a kan ceri: a sare tsofaffin rassa, a ba matasa wuri da haske, a ciyar da saiwa da taki. Ana ba da labarin cewa abin ya faro ne daga wata ceri mai zubowa da ta raunana, aka yi mata sara mai tsanani, ta dawo da ƙarfinta.

Haka batun shafa wa rauni magani. Binciken Shigo ya nuna cewa fenti da kwalta ba sa hana ruɓa, wani lokaci ma laima suke riƙewa, don haka a Amurka da Turai an fi barin yankan a buɗe. Ma'aikatan Hirosaki kuwa suna shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta haɗe da baƙar tawada. Abin da ɓangarorin ba su saɓa a kai ba shi ne yanka mai tsabta a wurin da ya dace, da kula da saiwa bayan an gama: ban ruwa idan an yi fari, shimfiɗa ɓawon itace ko busasshen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 8 ba tare da ya taɓa gindi ba, da guje wa takin zamani mai sa toho a ƙarshen lokacin zafi, don ɗanyen toho shi sanyi ke fara ci.

Rigakafi ma yana da nasa gwanaye. A lambun Kenrokuen na birnin Kanazawa, ranar 1 ga Nuwamba ta kowace shekara ake fara kafa dogayen sanduna ana sako igiyoyi daga samansu ana ɗaure rassa, don su ɗauki nauyin jiƙaƙƙiyar dusar ƙanƙarar yankin. Mai bishiya ɗaya a ƙofar gida ba ya buƙatar wannan duka. Ya isa ya naɗe gindin da abu mai haske, ya kewaye shi da ragar waya saboda zomaye, ya kuma kakkaɓe dusar da tsintsiya daga ƙasa zuwa sama tun tana da laushi. Idan ta riga ta daskare a jikin reshe, a bar ta ta narke da kanta.

Idan kan ya mutu

Wani lokaci watanni su wuce, ba toho ko ɗaya a saman mahaɗa, gwajin farce ya nuna ruwan ƙasa har cikin ƙullin. To, bishiyar da aka saya ta tafi, kome ƙarfin tohon da ke fitowa daga ƙasa. Zaɓi uku ya rage: a tumɓuke a dasa sabuwa mai jure sanyin wurin, ko a karɓi gindin a rene shi a matsayin bishiyar da yake, ko a samo reshe daga wata mai irin kan a sake auren a farkon toho na gaba. Na ukun ya fi na farko arha, kuma saiwar da ta riga ta kafu kan sa sabon kan ya yi saurin girma.

A ƙasar Hausa ƙanƙara ba ta karya rassa, amma gobarar daji da awaki da fari suna yi wa mangwaro da lemo masu aure irin wannan ɓarna, kuma gindin kan mayar da martani iri ɗaya. Mai lambun da ya ga dashensa ya yi sabon toho bayan wuta, ya duba daga ina tohon ya fito kafin ya ci gaba da ban ruwa. Idan daga ƙasan ɗaurin ne, shekarun da zai yi yana jira ƙananan mangwaro masu zare za su ba shi, ba irin da ya biya kuɗinsa ba.